Fumfunar Gindin Kwalba

Daga ƙofar gidansu zuwa tashar bas taku ɗari huɗu da ashirin ne. Daga inda bas ke ajiye ta zuwa ƙofar kamfanin magungunan taku ɗari biyu da sittin, sai matakala talatin da takwas zuwa hawa na biyu, inda ɗakin bincike yake. Shekara goma sha shida ke nan tana wannan ƙidayar kowace safiya, ba wanda ya sa ta, haka Allah ya yi ta. A wurin aiki Mai Ɗigo ake ce mata. A gida kuwa Maman Tilo ce, don 'ya ɗaya tal Allah ya ba ta.

Ubanta, Allah ya jiƙansa, mai yankan makulli ne. Shagonsa ɗan tsukuku ne a bakin wata babbar hanya, in ka miƙa hannu biyu ka taɓo bango da bango. A nan ta tashi tana ƙirga haƙoran makullai, a nan kuma ta tsinci maganar da ta riƙe har girma: wanda bai ga cikin kwado ba, ƙarfe kawai yake ɓatawa. Da wannan maganar take yi wa Inna, mahaifiyarta, bayanin aikinta duk lokacin da tsohuwar ta tambaya, kuma takan tambaya aƙalla sau biyu a wata.

"Inna, a jikin kowace ƙwayar cuta akwai wani ɗan abu da ake kira furotin. Shi ne kwadon. Mutanen hawa na uku, masu haɗa magani, su ne masu yankan makulli. Ni nawa aikin in leƙa cikin kwadon in zano musu shi, su san irin haƙorin da za su yanka."

"To ki leƙa mana. Wa ya riƙe miki ido?"

A nan gizo ke saƙar. Furotin ya yi ƙanƙantar da babu madubin da ke kan teburinta da zai nuna shi. Sai an lallashe shi, dubu bisa dubu, sun jeru sahu-sahu sun daskare sun zama ɗan dutse mai sheƙi wanda bai kai ƙwayar gishiri ba. Shi suke kira lu'ulu'u. In an samu, sai a aika da shi wata ƙatuwar na'ura a wani gari, a haska masa haske mai ratsa abu, ɗan'uwan wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, kwamfuta ta bi yadda hasken ya watsu ta fito da surar kwadon. Lallashin kuwa da ɗigo ake yi. Faranti ne na roba, girman ƙaramin littafi, mai gurbi casa'in da shida. A kowane gurbi ta ɗiga ruwan furotin da bai kai hawayen sauro ba, ta haɗa shi da ruwan gishiri iri dabam, ta liƙe, ta kai ɗakin sanyi ta ɗora a kanta. Daga nan sai jira.

"Wato dai girki kike yi shekara da shekaru, ba a taɓa sauke tukunya ba," in ji Inna.

Ba haka ba ne, an sauke. Kwado ashirin da uku ta buɗe wa kamfanin, ta san ranar da kowannensu ya fito. Na ashirin da huɗu ne ya zame mata ƙarfen ƙafa, shekara bakwai ke nan. Na wata ƙwayar cuta ce mai cin hanta, su kuma a ɗakin suka sa masa suna Mai Wutsiya. In ka ɗauki furotin kamar carbi ne da aka dunƙule, to wannan ƙwaya ɗari uku da goma sha biyu gare shi, arba'in da ɗaya na ƙarshe ba sa shiga dunƙulen, suna reto a waje kamar jelar ɗan kwikwiyo, kuma mai kaɗa jela ba ya tsayuwa a sahu. Sau biyu ta gwada ƙera shi babu wutsiyar tun daga tushe. Duka biyun ya ƙi dunƙulewa, ya zube a gindin kwalba kamar dusa. Da wutsiya ba ya jeruwa, babu wutsiya ba ya rayuwa. Gaba kura, baya sayaki.

Mijinta a teburin da ke kusa da nata yake aiki a wancan lokacin. Tun a jami'a suka haɗu, suka yi aure, kamfanin ya ɗauke su rana ɗaya. In ka tsaya a ƙofa ka dubi teburan nan biyu, ka rantse ba su taɓa gaisawa ba. Nata kamar an lashe, kowace kwalba da takarda da kwanan wata. Nasa kuwa kasuwa ce a ranar da aka tashi da rigima. Duk wanda ya ce masa yaushe zai wanke kayan nan, sai ya yi murmushi ya ce gobe. Har sunan ya bi shi, Malam Gobe, ya kuma amsa da hannu biyu.

Shekara biyar da suka wuce, wata Talata, ta kai Inna asibitin ido, ga furotin sabo da ba zai kwana ba. Ta bar masa sallahu ya ɗiga mata faranti guda. Ya ɗiga. Faranti na dubu ɗaya da ɗari da bakwai ke nan a kan Mai Wutsiya. Kwana goma sha tara bayan haka ta sa shi a ƙarƙashin madubi kamar yadda ta saba, layi na ɗaya babu, na biyu babu, na uku babu, a layi na huɗu gurbi na tara numfashinta ya tsaya. Lu'ulu'u uku, masu kusurwa shida, suna ƙyalli kamar an wanke su. Ta ƙirga su sau huɗu kafin ta iya buɗe baki ta ce, "Baban Tilo, zo ka ga."

Ɗaya ya fashe wajen kamu. Ɗaya ya narke da aka jiƙa shi da magani. Na ukun ya kai ga na'ura, ya ba da hoto dishi-dishi, kamar ka leƙa ɗaki ta cikin hayaƙi. Ga ramin kwadon nan ana hangowa, amma babu makulli a ciki, gefunan ma ba su fita ba. Wutsiya ba ta fito a hoton ba sam. Wannan bai dami kowa ba, don duk mai wannan sana'a ya san abin da ke motsi ba ya fitowa, kamar hannun wanda ya kaɗa hannu ana ɗaukar hoto. Tana nan, ba a ganinta ne kawai. Haka ta rubuta a rahoto, haka shugaban sashe ya sa hannu.

Ta ce wa kanta ai an gama, tunda ya fito sau ɗaya zai fito sau goma. Ta kwafe haɗin ruwan daga littafin mijin, gishiri kaza, ruwa kaza, ba ta bar ko waƙafi ba. A makon ne kuma aka ce masu duba tsafta na zuwa, ta sa safar hannu biyu-biyu, ta toshe hanci, ta kwashe kwalabe ashirin da bakwai daga teburinsa ta zubar, ba ta ko tsaya kallon cikinsu ba.

Bai sake fitowa ba.

Shekara na zagayowa kamfani ya rage ma'aikata. Sashensu na mutum tara ya koma na huɗu, Malam Gobe na cikin biyar ɗin da aka sallama. Ya samu koyarwa a wata makarantar sakandare, a garin da ke da nisan awa tara a bas, makarantar kuma ta ba Tilo gurbi. Yarinyar na da shekara goma sha uku. A tasha, ana loda akwatuna, ta riƙe hannun 'yarta ta ce wa uban, "Wata shida. In ga makulli a cikin ramin nan sau ɗaya, in tattaro Inna mu biyo ku."

"Allah ya kai mu," ya ce. Shi ba mai ja da magana ba ne.

Wata shidan nan shekara huɗu ke nan. Ta je wajensu sau talatin da ɗaya, Juma'a da yamma zuwa Lahadi. Ta ɗiga ƙarin faranti dubu biyu da ɗari uku da arba'in. Duk lokacin da abin ya ƙi, sai ta ɗora laifin a kan datti. Ruwan da ake tacewa sau ɗaya ta koma tace shi sau biyu. Ta daina aron kwalbar kowa. Ta sa aka canza mata teburi zuwa nesa da ƙofa, kada iska ta kwaso mata ƙura. Mai Haɗi, shugaban masu yankan makulli na hawa na uku, wani dogo mai sanƙo da ba ya rabo da ba'a, yakan tsaya a bakin ƙofa ya ɗaga ƙafa ya ce, "Ranki ya daɗe, a shigo da takalmi ko a yi wanka tukuna?"

A gida teburin cin abinci kujera huɗu gare shi, biyu ake ja. A jikin ƙofar ɗakin Tilo akwai zane-zanen fensir da take auna tsawon yarinyar duk ranar da ta ƙara shekara, guda goma sha ɗaya, na ƙarshen ya tsaya daidai kafaɗar uwar. Yanzu Tilo ta fi ta tsawo da yatsa uku, amma a wani gida ta yi wannan tsawon, jikin wata ƙofa. Abin da ya fi ci mata rai takalmi ne. A tafiya ta ashirin da shida ta saya wa yarinyar takalmi mai kyau, lamba talatin da bakwai, ta riƙe shi a cinya awa tara. Tilo ta gwada, ta yi dariya, ta ce, "Umma, ai na bar nan tun bara. Talatin da tara nake sawa." Yarinyar ta ƙara da cewa ba komai, za ta ba ƙawarta. Matar da ta san yawan matakalar kowane bene da ta taɓa hawa, ba ta san ƙafar 'yarta ba. A hanyar dawowa ba ta ƙirga komai ba, ko gadoji, da ta san goma sha huɗu ne.

Wata Litinin shugaban sashe ya kira ta ofis. Mutum ne mai sanyin magana, irin waɗanda ke yanka da murmushi.

"Malama, na sama sun zauna. Kwana arba'in da biyar suka bayar. In babu hoto da magani a ciki, za a rufe aikin Mai Wutsiya."

"Ranka ya daɗe, saura ƙiris."

"Ƙiris ɗin nan na ji shi tun gashina na baƙi. Hawa na uku sun yanka makulli ɗari shida da arba'in a kan zanen da kwamfuta ta yi hasashe, ko ɗaya bai juya yadda ake so ba. Sannan kantocin ɗakin sanyi, a rage tsofaffin farantan nan, mutane na kuka babu wurin ajiya."

Ta fito tana lissafi. Kwana arba'in da biyar, a cire Asabar da Lahadi goma sha biyu. In aka rufe, za ta tafi wajen iyalinta, gaskiya ne, amma za ta tafi hannu rabbana, ta ci shekara huɗu na 'yarta a kan abin da ba ta gani ba. Me za ta ce wa yarinyar?

Ran Laraba ta sa rigar sanyi ta shiga ɗakin da kwandon shara. Faranti ɗari huɗu da goma sha biyu ta tarar, duk sun bushe. Tana ɗauka tana jefawa, har ta kai can ƙuryar kanta ta ƙasa, ta ci karo da rubutun da ko a mafarki ta san shi, karkatacce kamar sawun kaza. Na dubu ɗaya da ɗari da bakwai. Ta riƙe shi a kan kwandon ta kasa saki. Ta ce bari ta yi masa kallon bankwana.

A ƙarƙashin madubi, layi na huɗu gurbi na tara babu komai sai busasshen gishiri. Shekara biyar idonta a kan ɗigon yake tsayawa, nan aka koya mata ta duba. Yau da babu abin gani a ɗigon, sai ta murza madubin ya sauka ƙasa, cikin ɗan kwarin da ake zuba ragowar ruwan. Zare-zare ta gani. Sirara, farare, sun saƙu kamar auduga, da 'yan ɗige-ɗige baƙaƙe a kawunansu. Ta duba gurbi na takwas, babu. Na goma, babu.

Ƙarfe ɗaya da kwata, lokacin da ta san mijinta yana fita aji, ta tsaya a kan matakala ta kira shi.

"Baban Tilo, ina wuni. Tambaya ɗaya gare ni, kuma don girman Allah kada ka ce min gobe. Ruwan da ka zuba a gurbi na tara, daga wace kwalba ka ɗebo?"

Tana jin hayaniyar ɗalibai a bayansa.

"Kina lafiya dai? Ya Inna?"

"Inna lafiya lau. Kwalba."

"Naki ne ya ƙare a daidai nan," ya ce a hankali. "Sai na ɗebo daga tawa. Haɗin ɗaya ne, wallahi, na duba."

"Me ke cikinta?"

"To... ta ɗan yi gashi a gindi."

"Gashi."

"Fumfuna. 'Yar kaɗan ce, kamar gemun ɗan akuya. Daga sama-sama na ɗiba, ban taɓa ta ba."

Ta zauna a kan matakala ta goma sha ɗaya. "Shekara biyar, Baban Tilo. Sau nawa na tambaye ka haɗin nan?"

"Haɗi kika tambaya, na ba ki haɗi. Ke kin san kanki. Da na ce miki na zuba wa furotin ɗinki ruwa mai fumfuna, a ina zan kwana? Kuma ni ban ɗauka tana da wani amfani ba, kunya ce kawai ta hana ni." Shi ma ɗan sana'a ne, alli bai goge masa ita ba. Ta ji numfashinsa ya canza. "Tsaya. Maman Tilo. Fumfuna ai da almakashi take ci."

"Da almakashi take ci," ta ce.

Abin da kowannensu ya sani tun ajin farko ne. Fumfuna ba ta da baki, wani ruwa take fitarwa mai yanka furotin gunduwa-gunduwa, sannan ta tsotse. Ɗan abin da ya biyo ruwan kwalbar bai isa ya cinye Mai Wutsiya ba, ya dai isa ya bi shi a hankali cikin kwana goma sha tara ya datse abin da ke reto. Furotin ya riga ya dunƙule da wutsiyarsa, aka yi masa aski daga baya, ya shiga sahu. Wutsiyar da ta rubuta cewa tana nan ba a gani, ashe babu ita. Kuma kwalbar da ta yi wannan aiki, ita da hannunta ta zubar, tana toshe hanci.

"Ki yafe ni," ya ce.

"Ni zan yafe wa wa? Ni na zubar." Sai dariya ta kama ta, irin wadda ke zuwa da hawaye, har mai goge bene ya leƙo ya koma.

Ba ta ɓata ko awa ɗaya ba. Akwai irin wannan almakashin na kwalba da ake sayarwa, tsaftatacce, ta sa aka kawo iri biyar ta gwada. Uku suka yi wa Mai Wutsiya kaca-kaca, biyu ba su ko taɓa shi ba. To sai asalin mai askin. Ta kankaro baƙaƙen ɗige-ɗigen nan daga tsohon farantin da tsinken allura, ta haɗa sabon ruwa, hannunta ya miƙa kansa wajen matatar ruwa ta janye shi, ta zuba su ciki. Ta nemi izini aka ba ta wani akwati a ƙuryar ɗaki, ta ajiye kwalbar, ta manna takarda da manyan baƙaƙe: KADA A WANKE.

Mai Haɗi ya sauko musamman don ya karanta. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. "Jama'a, ku zo ku shaida. In duniya za ta tashi, a gaya mini in kira iyalina."

Kwana uku babu komai. Biyar babu. Kowace safiya kafin ta ajiye jaka sai ta durƙusa ta ɗaga kwalbar a haske, tana roƙon Allah ya raya mata ƙazanta. Rana ta takwas ta ga wani ɗan fari-fari a gindi, kamar gemun ɗan akuya. Ta ɗauki hoto ta aika wa Malam Gobe. Ya amso da kalma biyu: "Ɗana ne."

Ta ɗiba daga sama-sama, yadda ya yi. Faranti shida. A lissafinta, in abin ya bi tsohuwar hanya, zai fito saura kwana tara wa'adi ya cika. Ta roƙi gurbi a babbar na'ura tun kafin ta samu abin aikawa. Inna ta lura ba ta cin abinci, ta ce, "Ke 'yar nan, tukunyar da ake yawan buɗewa ba ta nuna." Ta ji, amma ba ta fasa ba, sau biyu a rana take leƙawa.

Rana ta goma sha tara babu komai. Ta ashirin babu. Ta ashirin da ɗaya, ƙarfe takwas da minti goma na safe, faranti na huɗu ya haska mata kamar an watsa gilashi. Ta fara ƙirgawa, ta kai sittin da uku, ta ɓace, ta sake farawa.

Wannan karon akwai na ɓarnatarwa. Ta jiƙa ashirin da mafi kyawun makullin Mai Haɗi, bakwai suka narke, goma sha uku suka tsaya. Ta kamo su ɗaya-ɗaya da ɗan zoben da bai kai kaurin gashi ba, ta tsoma su a ruwan sanyi mai hayaƙi, aka rufe tulun ƙarfe aka aika. Saura kwana biyu wa'adi, da hantsi, mutum shida suka tsaya a bayan kujerarta. Kwamfuta ta yi ta juyi. Sai raga mai launin shuɗi ta cika allon, tsaf, babu hayaƙi, kowane lungu na kwadon a fili. A tsakiyar ramin ga wani dunƙule kore, mai kai da ƙafa, makullin ke nan.

Ta sa hannu a baki. Shekara bakwai tana jin labarin ɗakin nan ta bayan ƙofa, yau ga ta a ciki. Abin da ya faɗo mata ba rahoto ba ne, ubanta ne, yadda yakan kanne ido ɗaya ya ɗaga kwado a rana.

Mai Haɗi ya matso har hancinsa na taɓa allo. Ya karkata kai dama, ya karkata hagu. "Malama, juya min shi." Ta juya. Ya dafe sanƙo. "Innalillahi. A kife yake! Da ƙafa ya shiga! Makulli ɗari shida da arba'in muna gyara wa mariƙi haƙora!"

Washegari shugaban sashe ya kira ta, murmushin yau na gaske ne. Na sama sun ƙara shekara biyu. Hawa na uku za su yanko sababbin makullai arba'in kafin ƙarshen wata uku, kowanne yana son hotonsa. "Kuma wa ya san hannun abin nan in ba ke ba?"

Ta ce a ba ta zuwa Litinin. Gaskiya ita ce ranta ya biya. Arba'in! Ta riga ta fara raba su a kai, takwas-takwas sau biyar. Da rana ta kira, Tilo ce ta ɗauka, ta fito jarrabawa.

"Umma, Baba ya ce kin gani! Ya ce ƙazantarsa ce ta yi aiki, tun jiya ba ya bari a zauna lafiya."

"Na gani, 'yar albarka. Sai dai sun ce akwai wasu guda arba'in, wai in..."

"Eh," in ji Tilo. Ba fushi a muryar, kuma wannan ne ya fi zafi. Ta saba. "Ba komai, Umma. Ni dai in na ci jarrabawa, kwana ɗari biyu da goma suka rage mini a gidan nan in tafi jami'a. Na ƙirga ne kawai."

Ta daɗe a kan matakalar bayan an kashe waya. A wurin wa yarinyar ta koyi ƙirga?

Ran Litinin ta kai wa shugaban sashe takarda biyu. Ɗaya ta ajiye aiki, wa'adin wata guda. Ɗaya shafi uku ce, yadda ake shuka lu'ulu'un Mai Wutsiya daki-daki, mataki goma sha bakwai, na huɗu an ja masa layi biyu: kada a tace. A watan nan ta zaunar da abokan aikinta biyu ta sa suka yi da hannunsu sau uku, har ya fito musu ba ta taɓa ba. Ta raba fumfunar gida huɗu, aka adana a wuri huɗu. Da ta gaya wa Inna, tsohuwar ko ɗaga kai ba ta yi ba. "Ni kayana a ɗaure suke tun shekara huɗu. Ke ake jira."

Gidan da suka tarar ɗaki uku ne a hawa na ɗaya, matakala goma sha shida. Wata kwaleji a garin ta ce ta zo ta riƙa koyar da gwaje-gwaje kwana uku a mako, babu ɗakin sanyi, babu faranti mai gurbi casa'in da shida. A daren farko ta tsayar da Tilo a jikin ƙofa, ta ɗaga hannu sama da kanta ta ja fensir.

Ba ta yi nadama ba, ko sau ɗaya, in ka tambaye ta haka za ta ce, kuma gaskiya take faɗa. Sai dai akwai safiyar da takan farka da lamba a kai. Yau kwana ashirin da ɗaya da suka ce sun ɗiga na makulli na goma sha biyu. Sun duba faranti na huɗu kuwa? Sun tuna su ɗiba daga sama-sama? Takan ɗauki waya, ta ajiye, ta sake ɗauka. Mai Haɗi kan aiko mata da hoton raga shuɗiya lokaci-lokaci, ta buɗe shi a kicin ta yi ta ja da yatsa biyu tana ƙara girmansa, har ruwan zafi ya ƙone a wuta.

A makon farko ta shiga ɗan ɗakin da Malam Gobe ke gyaran takardun ɗalibai. Kofi goma sha huɗu ta ƙirga, a kan tebur, a ƙarƙashin tebur, ɗaya a cikin takalmi. Ta kwashe su a tire ta kai wurin wanki. Ta wanke goma sha uku. Na ƙarshen ta ɗaga shi a hasken taga, ga ɗan fari-fari a gindi, ta tsaya tana kallonsa.

"Kawo in wanke," ya ce daga bakin ƙofa, yana sosa ƙeya.

Ta ɗora kofin a kan taga, ta gyara masa zama inda rana ba ta bugu.

"Bar shi," ta ce. "Gobe."